Na Hau Dala Sau Biyu

Ni mutumin Rogo ne, can ƙarshen Jihar Kano ta yamma, inda muka yi iyaka da ƙasar Katsina da ta Zazzau. Duk wanda ya zauna makarantar kwana ya san abin da mai irin sunan garinmu yake gani. Tun ran da na shigo aji ɗaya ake tambayata ko ni dafaffe ne ko ɗanye, wani ma ya ce a miƙo masa ƙuli da yaji. Wannan bai taɓa damuna ba, don wasa ne, ni ma ina ramawa. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne.

Wata rana a zangon farko na shekarar 2024, Malamin Tarihi yana koya mana asalin Kano. Da ya zo kan Dala da Barbushe, sai ya ajiye alli ya ce, "A cikinku wa ya taɓa hawa Dutsen Dala?" Mu kusan hamsin, ba wanda ya ɗaga hannu. Sai wani abokina da muke kira Ɗan Birni, don gidansu na cikin ganuwa, ya nuna ni ya ce, "Malam, mu dai kullum muna ganinsa. Wannan kuwa ko hange bai taɓa yi ba." Aji ya fashe da dariya. Ban ce uffan ba, don gaskiya ya faɗa. Sau biyu na taɓa shiga Kano, ɗaya ina goye a bayan Inna, ɗaya kuwa da dare aka kai ni asibiti ban san inda kaina yake ba.

Da aka ba mu hutun Disamba na koma gida, na kwashe labarin na gaya wa kakana na wajen uba, wanda muke kira Baba Tsoho. Ya haura shekara tamanin, kuma shekara shida ke nan da idonsa ya tafi. Kullum yana zaure kan buzunsa da rediyo a kunne. Na zaci zai taya ni jin haushi, ashe shi ma dariyar zai yi mini.

"Kai abokina," in ji shi, "ashe karatun naku na zaune ne? Ni ina kamar shekarunka na hau Dala, ba takalmi a ƙafata."

Ya ce a shekarar zuwan Sarauniyar Ingila ne, watau 1956, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi na farko. Ya bi mahaifinsa da jakuna huɗu, sun ɗauki mazarƙwaila da barkono, suka yi kwana huɗu a hanya. Ya ce tun daga nesa suka hango Goron Dutse da Dala, shi har ya fara murna an iso, mahaifinsa ya ce masa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Suka shiga ta Ƙofar Kabuga, amma maimakon gidaje sai ya ga gonaki, karan dawa a tsaye, Fulani na kiwo, duk a cikin ganuwa. Sai da suka yi tafiya mai nisa kafin su tarar da gidan farko. Ya ce da ya hau dutsen ya ga ganuwa ta kewaye birni kamar bakin faifai, ga kududdufai na ƙyalli, ga dabino da rimi, ga dalar gyaɗa wajen Ƙofar Mazugal buhu kan buhu har sama.

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Dalar gyaɗa na san ta tafi, na ji a rediyo. Amma ka je ka gano mini abu biyu. Gonakin nan na tsakanin Kabuga da Goron Dutse suna nan? Ganuwar kuma har yanzu bakinta a haɗe yake? Tun da ido ya ƙi ni, sai in ara naka."

To, daga nan tafiya ta tashi daga huce haushin Ɗan Birni, ta zama aike.

Baba bai so ba. Ya ce shi ba shi da ko kwabo na hawan dutse, ga kuɗin taki bai gama biya ba. Ya ce kuma me ɗan Musulmi zai je nema inda aka yi tsafi? Baba Tsoho ya jiyo daga zaure, ya ce, "Ni da na haife ka na hau, na sauko da imanina. Ƙyale yaro." Baba ya ce ya ji, amma in nemi kuɗina da kaina.

Lokacin yankan rake ne. Na yi kwana goma ina ƙwadago a fadama, muna sara muna ɗaurewa muna kai wa bakin mota. Wanda bai taɓa shiga gonar rake ba bai san ganyensa yana yanka kamar reza ba. Na fito da naira 12,000 da hannuwa duk zane. Inna ta ƙara mini 1,000, ta ƙulla mini garin kwaki da ƙuli-ƙuli da ɗan sukari. Baba Tsoho ya laluba ƙarƙashin matashinsa ya zaro wata tsohuwar 500 da ta yi laushi kamar tsumma, ya ce jarinsa ke nan a cikin tafiyar. Duka 13,500. Kuɗin mota zuwa 3,500 ne, saboda haka na ware wata 3,500 ta komowa na naɗe a leda, Inna ta ɗinke mini ita a cikin ƙugun wando. Ta ce ko yunwa za ta kashe ni kada in farke ɗinkin nan sai a tasha.

Ran Talata bayan asuba na shiga mota. Mu huɗu a kujerar mutum uku, buhun barkono a bayanmu, kowa na atishawa. Muka biyo ta Ƙaraye, inda madatsar ruwan Challawa take, wadda aka gama a 1992. Muka fito kan hanyar Gwarzo, muka wuce Janguza da sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Rijiyar Zaki. Tafiyar da Baba Tsoho ya yi cikin kwana huɗu, kafin hantsi ya dubi ludayi mun gama ta. Ni dai ina ta leƙe ta taga ko zan hango duwatsun nan biyu, ban ga komai ba sai benaye da allunan talla da hazo.

Na sauka a Kabuga na ƙi shiga A Daidaita Sahu. Dalili biyu ne: kuɗi, da kuma son in taka inda tsoho ya taka. Na tsaya a Ƙofar Kabuga na ɗan jima. Ta nan ne sojojin Ingila suka fasa suka shiga Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Akwai wani abu kuma da na karanta a laburaren makaranta wanda ya sa na tsaya da ƙafafuna da kyau. Ganuwar wannan sashe ba ta cikin ta farko da Sarki Gijimasu (1095-1134) ya fara. An ƙara ta ne a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki (1618-1623), kuma wanda ya tsaya kan aikin shi ne Wambai Giwa, wanda ya zauna a Ƙaraye yana tsare iyaka da Katsinawa. Watau dai mu na yamma ba baƙi ba ne a wannan ƙofa. Na adana wannan magana don Ɗan Birni.

Daga nan na miƙe zuwa Tal'udu, na hau titin Aminu Kano. Nan ne fa gonakin Baba Tsoho. Na duba dama, na duba hagu. Shaguna ne, da gidajen mai, da makarantu, da masu gyaran waya, da gidaje manne da juna ba inda za a shuka ko kuɓewa ɗaya. Na ce wa kaina kila a bayan gidajen suke, sai na hau sama zan gani. Na wuce gindin Goron Dutse, na yi ta tambaya har na isa Gwammaja, inda ƙanin Inna yake da shagon ɗinki. Ƙafafuna sun yi futu-futu. Kawu ya dube ni ya ce, "Daga Kabuga a ƙasa? Lalle kai ɗan yayata ne, maƙo a jininku yake." Ya ce in kwana a shago tare da yaransa, bayan an ture kekuna gefe.

Da wayar Kawu na kira Ɗan Birni. Bayan la'asar ya zo, ya sha shadda da agogo. Muna tafe cikin lunguna ina bin sa, sai ga dutsen a gabanmu, ja wur, ya tokare ƙarshen lungu kamar bangon gidan wani. Gidaje sun matso har gindinsa, wasu ma sun fara hawa. Na ce masa ya wuce gaba tun da shi ne ɗan gari. Sai ya tsaya yana susar ƙeya. Da na matsa masa ya ce gaskiya bai taɓa hawa ba. Daga ƙofar gidansu zuwa gindin Dala bai kai tafiyar minti goma ba, amma mahaifiyarsa ta hana shi tun yana yaro, wai akwai aljanu, akwai kuma yaran banza. Na yi niyyar in rama dariyar aji, sai na ga fuskarsa, na fasa. Na ce, "To zo baƙauye ya nuna maka garinku."

An yi wa dutsen matakala ta siminti. Ana cewa guda 101 ce. Ni na ƙirga 98, shi ya ƙirga 103, mun kuwa yarda cewa haki ne ya rikita mu duka. Littafi ya ce ƙoƙuwar dutsen tana mita 534 daga saman teku, amma kada mai karatu ya tsorata, don shi kansa birnin a kan tudu yake, hawan ba ya ɗaukar minti goma.

Muka kai sama. Fili ne shimfiɗaɗɗe kamar babbar masussuka, jar marmara ko'ina. Na ruga baki don in ga Kano.

Ban ga komai ba.

Hazo ya sauka tun rana, ya rufe gari ruf. Rufin kwanon da ke ƙarƙashinmu kawai ake gani, daga nan sai fari fat kamar an shanya alawayyo. Goron Dutsen da na wuce ta gindinsa da safe, ko alamarsa babu. Rana kanta ta zama kamar farin faranti, kana iya kallonta ido da ido. Na zauna kan dutse, wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Kwana goma cikin rake, ga abin da na saya.

Tun da nesa ta ƙi, sai na dubi kusa, abin da na gani kuwa bai yi mini daɗi ba. Leda ce ko'ina, da awaki, da wata ƙazanta da ba zan ambata a mujallar makaranta ba. Ruwan sama ya zaizaye gefen dutsen ya yi kwazazzabai. Wasu samari na zaune can gefe, suka dube mu muka dube su, muka yi sallama suka amsa, ba abin da ya faru. Aljani kuwa ko ɗaya bai zo gaishe mu ba.

Ɗan Birni ya ce in ba shi labarin wurin tun da na fi shi sauraron Malam. Na ce masa tun kafin a san za a yi birni, maƙera ne suka zauna nan saboda tama da ke cikin wannan jan dutse, masu binciken ƙasa kuma sun sami alamar narka ƙarfe da ta kai ƙarni na 7. Sunan dutsen na wani mutum ne, Dala, wanda ya gina gidansa a kai. A cikin zuriyarsa aka sami Barbushe, ƙaƙƙarfan maharbi, wanda aka ce yana kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Shi ne mai kula da Tsumburbura, abin bautarsu, wadda take wurin wata itaciya da aka kewaye da bango, ba mai shiga sai shi. Sau biyu a shekara yake saukowa, mutane su taru da baƙaƙen dabbobi, ya shiga ya fito ya gaya musu abin da shekara za ta zo da shi. An ce shi ya gaya musu wani baƙo zai zo ya mallake su. Baƙon shi ne Bagauda, wanda ake lissafa sarautarsa daga shekarar 999. Sarki Tsamiya (1307-1343) ne ya rushe wurin tsafin, a zamanin Sarki Yaji (1349-1385) kuma Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci. Duk wannan yana cikin tsohon littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Palmer ya juya shi Turanci a 1908, aka kuma buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

Ɗan Birni ya ce, "Watau duk Kanon nan daga kan wannan ɗan filin ta fara?" Na ce haka aka ce. Na ƙara masa da labarin Wambai Giwa. Ya ce wannan kuma ƙari na ne, sai ya tambayi Malam.

Da dare a shagon Kawu na kasa barci. Shirina shi ne in juya gida washegari. Na zauna na ƙirga abin da ya rage, ban da na ƙugun wando. In na ƙara kwana, abinci zai ci kuɗin tsaraba, kuma ba wanda ya yi mini alkawarin hazo zai tafi. Kawu ya ce wani lokaci yakan yi mako. In kuwa na koma, me zan ce wa tsoho? In ce na hau na ga fari? Ai shi ma abin da yake gani ke nan daga zaure, bai biya ko sisi ba. Na yanke shawara zan ƙara kwana ɗaya tak, in riƙe cikina da garin kwaki.

Ran Laraba hazo na nan. Muka yi yawon ƙasa, ba mu hau komai ba. Daga Dala muka gangara Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa a bakin Jakara. Rumfunan a matse suke, hanya ba ta wuce mutum biyu, kowane layi da warinsa: na fata, na kanwa, na turare, na kayan yaji. Na ga linzami da sirdi da likkafa, na ga takubba, na ga tasoshin tagulla. Wani dattijo mai sayar da kayan doki ya ga ina shafa wani sirdi, ya ce, "Samari, ina dokin?" Na ce yana Rogo, jaki ne. Ya yi dariya har ya ba ni dabino uku. Na sayi kwalli da lalle na Inna, da ɗan turare na Baba, da goro biyar na Baba Tsoho. Kowanne sai da na taya rabin abin da aka faɗa, na yi kamar zan tafi, aka kira ni. Ɗan Birni ya ce kunya nake ba shi.

A Jakara ya saya mana gurasa bandashe, wadda aka jiƙa aka barbaɗe da ƙuli da yaji da albasa. Ban taɓa cin irinta ba. Na so in biya nawa ya hana, abin ya dame ni, don ban zo birni a ciyar da ni ba. Da yamma na jiƙa mana garin kwaki da sukari a kwanon Kawu, na farfasa ƙulin Inna a kai. Ya cinye ya side kwano. Na ce masa yau dai ya ci rogo a hannun ɗan Rogo, mun yi biyan bashi.

Mun shiga Gidan Makama, wanda yake kusa da fadar Sarki. Nan Rumfa ya zauna kafin ya hau gadon sarauta ya gina Gidan Rumfa, yanzu kuwa gidan adana kayan tarihi ne. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi burge ni ba sulke da bindigogi ba ne, ginin kansa ne. Waje rana, ciki sanyi kamar randa, ba fanka ba komai, sai kaurin bango da rufin azara da bakan gizo. Na ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, na ga kuma hotunan Kano na da. A ɗaya daga ciki na tsaya na daɗe: ga ganuwa doguwa, ga fili fetal a bayanta. Tsoho dai bai yi ƙari ba.

Daga nan sai marinar Ƙofar Mata, wadda aka rubuta a ƙofarta cewa tun 1498 take. Ramuka ne masu zurfi a jere, ana zuba ruwa da toka da katsi da baba, a bar su su yi makonni suna tsima. Wani marini ya tsoma farin ƙyalle ya ɗaga, na ga ya fito kore-kore, kafin in rufe baki iska ta buge shi ya koma shuɗi. Malamin Kimiyya ya taɓa gaya mana iskar da muke shaƙa ce take wannan aiki, amma a allo ban gane ba sai a bakin rami. Ramuka da yawa sun bushe, an cika wasu da shara, masu aikin kuma yawancinsu manya ne. Na tambayi kuɗin wani zane mai zanen rana a tsakiya, don na so Inna ta ɗaura. Da aka faɗa, na ga ko na farke ƙugun wando ba zai isa ba. Na yi godiya muka wuce.

Daren nan iska ta tashi, ta yi ta kaɗa ƙyauren shago. Da aka kira assalatu na fita alwala, na ɗaga kai, sai ga taurari. Ban jira kowa ba. Ana sallame salla na kama hanya, sanyi na yanka kunne, na hau matakalar nan ban ko tuna da ƙirga ba.

Jama'a, gani ya kori ji. Gari ya waye tangaran, Kano ta kwanta a ƙarƙashina ta ko'ina, ba ta da ƙarshe. Ga Goron Dutse can yamma kamar in miƙa hannu. Ga koren ƙubba da hasumiyoyin Babban Masallacin Juma'a, ga duhun itatuwan Gidan Rumfa a kusa da shi. Hayaƙin masu koko da ƙosai yana tashi daga lunguna, karatun almajirai yana tasowa daga nan da can ya haɗu ya zama kamar kukan zuma. Wani jirgin sama ya taso daga filin jirgin Malam Aminu Kano ya bi ta kaina. A nan Bature Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya tsaya a 1851 ya zana birnin. A nan kuma wani yaro mara takalmi ya tsaya a 1956.

Na juya yamma na yi aikin da aka aiko ni. Daga gindin Dala har Goron Dutse, daga Goron Dutse har inda nake zaton Kabuga take, har bayanta, rufin kwano ne. Na bi da ido a hankali kamar mai neman allura. Babu gona ko ɗaya. Na nemi ganuwa. Da na san inda ƙofofi suke sai na riƙa tsintar ta guntu-guntu, nan ɗan tudu, can ɗan tudu, tsakaninsu gidaje da tituna. Faifan Baba Tsoho bakinsa ya cinye, birni ya tumbatsa ya zube waje, har ba a gane ina ne ciki ina ne waje. Kawu ya gaya mini daga baya cewa ruwa ya ci wani sashe, mutane sun ɗebi ƙasar wani sun yi gini, an kuma yanka wani an yi filaye. Tun 2007 ganuwar da Dala da Kurmi suke cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Ni dai a ganina, wanda yake son duniya ta girmama kayansa, ya kamata a tarar ya share su.

Da zan sauko na so in ɓantari ɗan dutse, sai na tuna kwazazzaban nan, na ga in kowa ya ɓantara ai wata rana sai labari. A ƙasa, cikin kwata, na tsinci wani guntu da ruwa ya riga ya gangaro da shi, ja mai nauyi, kamar ƙwan kaza. Na wanke na sa aljihu.

A tasha na farke ɗinkin Inna na miƙa 3,500. Ɗan kamasho ya ce 4,000 ne yau, ƙarshen shekara, fasinja sun yi yawa. Na yi magiya, ya ce in ba ni da shi in matsa. Na juya aljihu na haɗa da abin da na yi niyyar cin abinci da shi, ya cika. Da na sayi gurasar nan jiya da kuɗina, da a tasha zan kwana.

Duk tsawon hanya ina shirya ƙarya. Na ce zan gaya masa gonaki sun ragu amma akwai saura. Zan ce ganuwa tana nan, ta ɗan tsufa kawai. Wa zai ƙaryata ni? Mutumin da ba ya gani, abin da ke cikin kansa shi ne garinsa, don me zan je in rushe masa? Har muka wuce Ƙaraye ina gyara maganar.

Na isa bayan la'asar. Tun daga sallamata ya kashe rediyo. "Abokina, ka dawo da idona?"

Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi goro. Na buɗe baki in faɗi abin da na shirya, sai na ga yadda ya juyo da fuskarsa wajena yana jira, ya karkato kunne. Aro ya ba ni aiki in yi masa, ba zane ba. Na ce, "Baba Tsoho, gonaki babu. Ko ɗaya. Gidaje ne har bayan Kabuga, har Rijiyar Zaki. Ganuwa kuma ta yanyanke, saura guntaye."

Ya yi shiru har na fara da-na-sani. Ya ɓare goro ya sa a baki. Can ya ce, "Duk filin nan?" Na ce duk. Ya ce, "To su ci me?" Na ce abin da muke nomawa, ai da buhun barkono muka tafi. Ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Ashe har yanzu mu ne jakunan." Sa'an nan ya tambaye ni dutsen fa, shi ma sun cinye shi? Na ce yana nan, sun dai fara gutsura.

Na zaro guntun nan na sa masa a tafin hannu. Ya juya shi, ya murza da babban yatsa, ya kai hanci, har ya ɗan taɓa da harshe. Ya ce, "Shi ne. Haka ya yanke ni a dunduniya." Ya tura shi ƙarƙashin matashi, inda 500 ɗin nan ta fito.

Ya sa na ba shi labari tun daga tasha, bai yarda in tsallake ko lungu ɗaya ba. Wurin hazo ya ce alhakinsa ne, don na tafi ban ce ya yi mini addu'a ba. Wurin Ɗan Birni ya yi dariya har da tari. Baba yana bakin ƙofa yana jin mu, bai ce komai ba, amma ran Juma'a na ji ƙanshin turaren nan a rigarsa.

Da na gama, Baba Tsoho ya ce, "Nawa ya rage?" Na laluba na ce naira 200. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi, ribar jarinsa ce.